Wa ya taɓa cin karo da kalmar "frolic"?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare 'yata ta kawo min aikin gida, a ciki akwai jimlar "The lambs frolic in the field." Na ce mata ai wasa ke nan. Ta ce to me ya sa ba a rubuta "play" ba? Wallahi na rasa amsa, abin ya tsaya min a rai. Don Allah wanda ya taɓa haɗuwa da kalmar nan ya faɗa mana inda ya gan ta.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tambayarta ta masu basira ce. Ni na daɗe ina fama da kalmar a allo, yara na haddacewa suna mantawa. Sai wata safiya bayan ruwan farkon damina, na hango akuyar maƙwabta da 'ya'yanta biyu a bayan aji. Na fito da yaran gaba ɗaya. Ɗan akuya ɗaya ya daka tsalle da ƙafa huɗu, ya karkace a sama, ya dira, ya ruga a guje, ya dawo ya tunkuyi ɗan'uwansa, sannan ya ɗare kan wani tsohon turmi. Ba abin da ya koro shi, ba inda za shi, ƙoshi ne kawai da lafiya. Na ce musu, to kun ga "frolic". Ita "play" ta haɗa har da dara da ludo da ƙwallo, masu doka da ci. Wannan kuwa tsalle-tsalle ne da guje-guje na murna zalla.

'Yar Jami'a: Malam, ni rubutunta ne ya sa na rasa maki a jarrabawa. Na rubuta "froliced", ashe sai an sa k: "frolicked", "frolicking". Haka "panicked". In babu k, c ɗin sai a karanta ta kamar s. Asalinta daga harshen mutanen Holan ne, "vrolijk", wato mai farin ciki.

Ɗalibin Lauya: Mu a ajin shari'a muka same ta, kuma can ba wasa a ciki. A shari'ar Joel da Morison ta 1834 a Ingila, alƙali Parke ya yi amfani da "a frolic of his own", wato ɗan aike ya tafi sabgar kansa. In ka aiki direbanka, ya bar aiken ya tafi sabgar gabansa har ya yi ɓarna, alhakin ba ya kanka. In kuwa ɗan ratse ya yi yana kan aikenka, kai za ka biya. Har yau lauyoyinmu na faɗin ta a kotu.

Yaya Babba: Ƙanwata, ki ja mata kunne kan abu ɗaya. Ga yara da dabbobi kalmar tas take, amma jaridun Turai in suka ce wani babba na "frolicking" a bakin teku da wata, sau da yawa shaƙiyanci suke nufi. Na taɓa ganin haka ya jawo ɓacin rai a wurin aikinmu.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, gidan kakar yarinyar akwai tunkiyar da ta haihu makon jiya. Ranar Asabar da sassafe zan kai ta ta gani da idonta.