Kilo biyu sun dawo bayan biki, kuma sikeli ya ƙi motsi

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan ina kan tsarin rage ƙiba mai yawan furotin, wato ƙwai, kaza, kifi da wake, na kuma rage tuwo da shinkafa. Daga kilo 88 na sauko 83, sai ya tsaya cak har mako uku. Satin da ya wuce aka yi bikin ƙanwata, kwana uku ina cin shinkafa da cincin da lemon kwalba, da na hau sikeli sai na ga 85. Ga bayan gida ma da ƙyar yake fita. Wahalata ta tashi a banza ke nan? Ko in yi kwana biyu ban ci komai ba in rama?

Antin Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata, wannan kilo biyun yawancinsa ruwa ne. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, kusan 7,700. Kafin ki tara kilo biyu na kitse cikin kwana uku, sai kin ci rarar sama da 5,000 kullum a kan abin da jikinki ke ƙonawa, abin da ko a gidan biki da wuya a kai. Abin da ya faru shi ne, jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kamar giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram uku. Da kika rage shinkafa rumbun ya ragu, da kika ci ya sake cika. Ga gishiri da magi na abincin taro, su ma riƙe ruwa suke.

Kada ki hana kanki abinci don ramuwa. Yunwar da za ta biyo baya ita ce ke sa a wawure duk abin da ke kicin da daddare. Ki koma cin da kika saba daga yau, cikin mako guda za ki ga ruwan ya sauka. Wajen awo kuma, ki hau da safe bayan kin zaga, kafin ki ci komai, sikelin yana kan siminti ba kan kafet ba. Ki yi sau uku ko huɗu a mako ki ɗauki matsakaici. Gab da al'ada ma nauyi kan ƙaru da kansa.

Ɗan Sabon Gari:
Maganar Anti haka take. Ni tsayawar mako ukun ta fi ɗaukar hankalina, Hajiya. Mai rage ƙiba yana bukatar furotin giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyinsa, ke kenan giram 100 zuwa 130 a rana, a raba gida uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka ƙwai biyu da shayi ba su kai karin kumallo mai furotin ba. Dafaffen ƙirjin kaza giram 100 ba fata yana ba da kusan 30, kofin dafaffen wake kusan 13, kofin kindirmo kamar 8.

Inda aka fi zamewa shi ne mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma yawancinmu da ludayi muke zubawa. Ƙosai da soyayyar awara furotin ne, amma sun sha mai sun ƙoshi. Ki mayar da ƙosai alale mai ɗan mai, awara kuma a gasa ko a jefa cikin miya. Gyaɗa giram 100 ta kusa kalori 570, ga ta da saurin ƙarewa a hannu ana hira. Tsire ma ana shafa masa mai a kan ƙuli, kilishi kuwa gishiri. Ki yi kwana bakwai kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har ɗanɗanon miya da ragowar abincin yara, ki kuma riƙa auna mai da cokali. Jikin da ya sauke kilo biyar ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, sai a ƙara tafiyar minti 30 kullum. Rabin kilo a mako ya isa. Ki riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya, wani lokaci yana raguwa sikeli na tsaye.

Hajiya Mai Zogale:
Batun bayan gida, 'yata, nama da ƙwai da kifi ba su da harza, wato dusar abinci mai sauƙaƙa bayan gida, ko kaɗan, kuma kin janye hatsin da ke kawo ta. Ana son giram 25 zuwa 30 a rana. Ki cika rabin faranti da ganye: zogale, alayyahu, kabeji, kuɓewa. Kwaɗon zogale yana da kyau in ba a cika ƙuli da mai ba. Gwanda da lemon zaƙi a ci tsokarsu, ba a matse ruwan kawai ba. A hankali za ki ƙara, in kin yi gaggawa ciki zai kumbura. Ruwa lita biyu zuwa uku, a lokacin zafi ma fiye. Ki guji shayin rage tumbi, da yawansu ganyen sa gudawa ne a ciki, ruwa kawai suke zubarwa.

In kina da ciwon ƙoda, ko kina shan maganin sukari, ko kina da juna biyu ko shayarwa, kar ki bi lissafin Ɗan Sabon Gari sai likita ya duba ki.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba ni da ko ɗaya cikin waɗannan. Ashe gyaɗar da nake ci bayan la'asar ce da ludayin mai. Gobe zan fara rubutawa.