Gas uku, suna ɗaya: me za mu kira CNG da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Cigiya nake yi, amma ta kalma.

Shekaranjiya a garejinmu na Agege na ba sabon yaronmu kuɗi na ce ya sayo gas, janareta na neman mutuwa. Bayan rabin awa sai ga shi niƙi-niƙi da tukunyar da muke dafa shayi, ya ciko ta taf. Ban ga laifinsa ba. Ba mu gama dariya ba wani mai tasi ya tsaya yana tambayar inda ake shan gas, shi kuma CNG yake nufi, wato iskar gas da ake zuba wa mota a madadin fetur. Man manyan motoci gas, na girki gas, wannan sabon ma gas. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, masu juya injinsu zuwa CNG sai ƙaruwa suke yi. Ya kamata mu raɗa masa suna kafin a sake ciko mini tukunya.

Wani direban tanka daga Apapa:
Oga, a dai bar mana namu. Tun ina yaron mota gas muke cewa, ubangidana ma haka ya ce. Ku duba allon gidan mai, AGO aka rubuta, harafin tsakiyar nan gas ne. Baƙo shi zai nemi suna, ba ɗan gida ba.

Wani malamin makaranta daga Idi-Araba:
Alhaji direba, a yi mini afuwa, amma dangin wanda kake kira baƙo su ne 'yan fari. Injin da Lenoir ya ƙera a Faransa a 1860 ba ya shan fetur, iskar da ake samu daga gawayin kwal yake ƙonawa, irin wadda ake kunna fitilun titi da ita a lokacin. Na Nikolaus Otto na 1876 ma haka, wanda ya zo da bugu huɗun da motocinmu ke bi har yau: ya shaƙa, ya matse, ya fashe, ya fitar da hayaƙi. Mai na ruwa daga baya ya samu shiga, don ba a iya jan bututun iska a bi mota da shi. Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a 1886, kuma da matarsa Bertha ta tuƙa ta daga Mannheim zuwa Pforzheim a 1888, a kantin magani ta tsaya ta sayi mai, don babu gidan mai ko ɗaya. Naka kuwa ƙaninsu ne. Sai 1897 injin Rudolf Diesel ya tsaya da ƙafarsa, kuma a baje kolin Paris na 1900 da man gyaɗa aka tayar da irinsa. Da a Kano aka yi, da yanzu wani sunan kuke kiransa. Shawarata: naku ya koma dizal, sunan mai shi, CNG ya zama iskar mota.

Wani bakanike daga Ladipo:
Malam, tarihi ya yi, sunan ne bai yi ba. Ka ce wa yaro ya je ya sha iskar mota, wurin mai faci zai nufa. Ni da hannuna nake ɗaura tukwanen nan a but. Ta girki in ka girgiza za ka ji ruwa na motsi, don ruwa ne a ciki. Ta CNG ba ka jin komai, iska ce zalla aka danna mata ƙarfi har wajen bar 200 a ma'aunin matsi, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Shi ya sa tukunyar take da kauri da nauyi kamar turmi, kuma duk wanda ya sa ta girki a madadinta ya sayi ajalinsa da kuɗinsa. Sunan da zai nuna wannan bambancin nake so, ba don daɗin baki ba. Kuma Alhaji ka kwantar da hankalinka, injin fetur ne ke saurin karɓarsa saboda yana da fulogi. Naka babu fulogi, zafin matsi ke kunna shi, juya shi aiki ne babba.

Direban tanka:
To ku ce danƙararren gas mana.

Malamin makaranta:
Danƙararre ai ƙanƙara ce ko man shanu da sanyi, Alhaji. Wannan bai daskare ba.

Ni mai cigiya, na gode muku duka. Na juya maganar tun jiya, kuma ta bakanike ce ta zauna mini, don shi ya taɓa abin da hannu. Abin da ya raba shi da sauran biyun matsi ne, harafin farko na CNG ɗin ma, wato compressed, abin da yake faɗa ke nan. Saboda haka ni na tsaya a kan matsattsen gas. A rubutu a cika shi, a baki a ce matsattse kawai: motar nan fetur take sha ko matsattse? Na gwada a bakin mutum uku a tasha yau da safe, biyu sun gane ba tare da bayani ba, na ukun ya ɗauka wando nake nufi.

Malam, dizal ɗinka na karɓa a takarda, 'yan jarida ma suna rubuta shi. Amma ba ni zan je Apapa in hana direbobi cewa gas ba, ina son haƙorana. Na girki kuma ya zauna a gas ɗin girki, dama bai yi wa kowa gardama ba.

Na san 'yan tasha suna iya yin gaba da siyanji, wato CNG a bakinsu, su bar mu a nan, kamar yadda suka yi da kafireto da salansa ba wanda ya tambaye mu. Duk da haka na sa mai fenti ya rubuta a jikin ƙofar gareji: ana juya inji zuwa matsattsen gas. Yaron kuma gobe da jarka zan aike shi.