Batirin injin yankan ciyawa ya ƙi tashi bayan rani, caji ko sabo?

Abu Hanifa KD: Assalamu alaikum. Ina da kwangilar yankan ciyawar filin ƙwallo na wata makaranta a Kaduna, da injin nan da ake hawa ana tuƙawa. Tun ƙarshen Oktoba na ajiye shi. Yanzu ruwa ya sauka, na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai. Mitar auna wutar batir ta nuna volt 11.8. Batirin mai murafu ne, irin wanda ake ƙara wa ruwa, bai cika shekara biyu ba. In kai shi caji ko in haƙura in sayi sabo? Litinin zan fara aiki.

Dan Barnawa: Wa alaikumus salam. Duba ƙarƙashin kujera, akwai wani makunni. In ba ka zauna sosai ba, ba ya tashi.

Rewaya Panteka: Ai ya ce yana ƙas-ƙas, kuma ga abin da mita ta nuna. Malam Abu, cikakken batir 12.6 yake bayarwa, naka fanko ne. Zaman da ya yi babu caji shi ne cutar, farin gishiri ke kama farantan dalmar ciki. Kwance baƙar waya tukuna, sannan jar wayar. Buɗe murafun, in ka ga faranti a waje ka zuba ruwan batir ya rufe shi. Ban da asid, ban da ruwan famfo. A yi masa caji a hankali, amfiya 2, ba irin na masu sauri ba. Cire shi ya kwana, da safe ka auna. In ya sauko ƙasa da 12.4, yi masa sallama.

Alhaji Garba Abuja: Kada ka yi saurin ɗora wa batir laifi. Bara abin da ya kai ni ƙasa kenan. Ina yankan ciyawar wani otal, injin ya dinga mutuwa, ina ta sayen batir bayan batir. Bakanike ya ce jabu ake ba ni, na je na yi rigima da mai shago har aka taru a kanmu. Ashe ragileta ce, na'urar da ke daidaita cajin batir, ta ƙone, injin na aiki amma ba ya mayar da wuta. Yarona ne ya taɓa jona shi da mota, ya juya wayoyin, ya yi shiru da bakinsa. Kafin a gano, ciyawa ta kai gwiwa, ga biki an kama filin. Manaja ko kirana bai yi ba, da na zo sai na tarar da injin wani a ciki. Har yau ina biyan bashin nawa injin.

Rewaya Panteka: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Da an ɗora mita injin na aiki an gani. Ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5.

Alhaji Garba Abuja: Ɗan'uwanka rewaya ne ya duba min ai.

Maman Walid: Nawa ne sabon ma? Maigidana ya saya dubu 48 a Panteka.

Alhaji Garba Abuja: Hajiya, wace shekara? Dubu 85 na biya a Apo.

Sadiq Kurna: Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu na hannu. Ko ka sa na ƙaramar mota kawai.

Rewaya Panteka: Na mota ba ya shiga gurbin, kuma in bai ɗauru ba jijjiga ce za ta kashe shi. Nemi mai lamba U1, ka lura da ɓangaren da jan kai yake, don akwai U1R mai jan kai a ɗaya ɓangaren, in ka kuskure waya ba za ta kai ba.

Bala Ohio: Mu nan Amurka duk lokacin sanyi ana barin batir jone da ƙaramar caja mai kashe kanta. Shekara huɗu yake mana.

Sadiq Kurna: Da wace wutar, yallabai? Ku dusar ƙanƙara, mu zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano. Shawararka sai can.

Bala Ohio: To ƙaramin faifan sola fa? Shi ma babu rana?

Dan Barnawa: Abu, sayar da injin ka zuba raguna goma a filin. Ba caji, ba fetur, da Babbar Sallah ka ci riba.

Abu Hanifa KD: Hhh. Na kai caji dai. Amma in na bar shi da sola a sito, wa zai tsare min? Bana da na je ɗaukar injin, an zuƙe man da na bari a tanki.

Maman Walid: Kai ka ci sa'a. Namu batirin aka kwance gaba ɗaya, mai gadi ya ce shi ƙofa aka ba shi, ba sito ba. Hukumar makarantar kuma ta ce ba ruwanta.

Alhaji Garba Abuja: Su da kuɗin damina ma sai an shiga rani suke biya. Abu, kai sun ba ka na bara?

Abu Hanifa KD: Rabi. Wai sai ɗalibai sun biya kuɗin zango na uku.