Gawo Goma Sha Ɗaya da Dattijon da Aka Jira Ya Wuce

Mai ɗaukar hoto, Zango: Assalamu alaikum. Ga hoton da ya jawo magana jiya, na sake sa shi domin waɗanda ba su gani ba. Na ɗauke shi a watan Janairu, a wata gona da ke gefen hanyar Matamaye, a jihar Damagaram ta Nijar, jim kaɗan bayan fitowar rana. Gawo goma sha ɗaya ne cike da ganye, ƙurar hunturu ta rage kaifin haske, ƙasa kuma fari fat. Abin da aka zarge ni da shi jiya, na cire mutum da leda daga hoton, gaskiya ne na yi shi: na jira kusan minti ashirin har wani dattijo ya wuce da amalankensa, sannan da na dawo gida na goge wata baƙar leda da ta maƙale a reshe. Ina nan kan ra'ayina cewa hoton shimfiɗar ƙasa, wato na fili da itatuwa da tuddai, aikinsa shi ne ya nuna halittar Ubangiji yadda take, kuma da zarar mutum ya shiga ciki, ido yakan bar ƙasar ya koma kan rigarsa da fuskarsa.

Malamar labarin ƙasa, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Hoton ya yi kyau, ba wanda ya musa. Inda muka rabu shi ne kalmar nan "yadda take". Gonar da ka ɗauka ba daji ba ce, kuma gawon da ke cikinta ba ragowar wani kurmi ba ne da gatari ya manta da shi. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun koma barin tohon da ke fitowa a gonakinsu maimakon su share shi, har wani bincike da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan ɗaya ne suka sake samun itatuwa a waɗannan yankuna uku. A Nijar baki ɗaya ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Saboda haka dattijon da ka jira ya wuce, mai yiwuwa shi ne ya raini waɗannan itatuwa tun suna iya gwiwa. Ka cire mai aikin ka bar aikin, sannan ka ce mana haka ƙasar take.

Mai ɗaukar hoto, Zango: Malama, na yarda da alƙalumanki, amma ina roƙon ki tuna yadda aka same su. Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya jera da na tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000, aka ga ɗigon itatuwa sun ninka. A cikin waɗannan hotuna ba a ganin fuskar kowa, amma su ne suka sa duniya ta yarda da abin da manoma suka daɗe suna faɗa. Ashe hoton da ba mutum a ciki yana iya ba da shaida a kan aikin mutum.

Malamar labarin ƙasa, Sabon Gari: Sun ba da shaida ne domin guda biyu ne, kowanne da shekararsa, kuma an taka ƙasa an tambayi masu gonakin. Naka guda ɗaya ne, kuma abin da ka rubuta a ƙarƙashinsa shi ne "Daji da safe". Wannan al'ada ta fitar da mutum daga hoto tana da tarihi. Ansel Adams ya yi suna da hotunan kwarin Yosemite na Amurka, duwatsu da ruwa da gajimare ba kowa, alhali 'yan asalin wurin an fara korar su tun 1851, kuma su ne suke sa wuta lokaci-lokaci don filayen kwarin su zauna a buɗe. Masu hoto na can da kansu suka gaji da wannan salo. A 1975 aka yi wani baje kolin hotuna a birnin Rochester, inda Robert Adams da Lewis Baltz da wasu suka nuna unguwanni sababbi da ɗakunan ajiyar kaya da filayen ajiye motoci a matsayin shimfiɗar ƙasa. Edward Burtynsky na Kanada ya bi wannan hanya da ramukan haƙar ma'adinai da malalar mai a yankin Neja Delta. Shekara hamsin ke nan da buɗe wannan ƙofa, mu kuma muna goge leda.

Dattijo mai ritaya, Birni: Ku yi mini haƙuri in sa baki, domin na yi shekaru ina aikin kula da itatuwa a karkara. Malama, kin ce an cire mutum daga hoton, ni kuwa da na buɗe shi mutum na fara gani. Ɗana, ka ƙara girman gawo na biyu daga hagu. Gangar jikinsa miƙe take har sama da tsayin mutum ba reshe ko ɗaya, kuma akwai tabo uku da suka warke a gefe guda. Gawon da ya tashi da kansa a saura ba ya yin haka, yakan yi cunkus tun daga ƙasa. Wannan an yi masa sassabe ne shekara bayan shekara, abin da ake kira sassaben zamani: mai gona ya zaɓi toho ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa rage rassan ƙasa domin hatsi ya sami rana. Dubi kuma tazarar da ke tsakaninsu, da guntayen karan hatsi a jere, da kashin dabbobi da ya taru a inuwa inda suke jiran 'ya'yan gawo su faɗo.

A zamaninmu doka ta ɗauki itace a matsayin na hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum yake. Ni da hannuna na ci wani manomi tara saboda ya sare reshe a gonar da ya gada, kuma da na koma bayan shekara biyu na tarar ya tumɓuke duk wani ƙaramin tsiro, don kada ya girma ya zame masa fitina. Sai da manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne kafin ya bar shi ya rayu. Wanda ya san wannan, hoton nan cike yake da mutane a idonsa.

Malamar labarin ƙasa, Sabon Gari: Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara. Sai dai kai ka iya karatun tabon gatari ne saboda shekarun da ka yi a gona. Ɗalibata da aka haifa a cikin gari ba za ta gan shi ba, balle wanda yake kallo daga Faransa.

Ɗan manomi, Matamaye: Ina tare da Malama a kan rubutun da ke ƙarƙashin hoto, amma ban yarda cewa sa mutum a ciki yana gyara komai ba. Mun ga yadda ake sa mu. Mace ɗauke da itace a ka, yaro tsaye kusa da mushen saniya, tsoho yana kallon ƙasa da ta tsage. Sebastião Salgado, mai ɗaukar hoto ɗan Brazil, ya ɗauki hotunan yunwar 1984 da 1985 a Mali da Cadi da Habasha da Sudan, kuma abin da ya ɗauka ya faru, ba wanda zai ce ƙarya ne. Amma tun daga lokacin duk baƙon da ya zo da kyamara irin wannan hoton yake nema, ko da an yi damina mai albarka. Innata idan ta ɗauko itace, daga rassan da aka sassabe a gonarmu take ɗaukowa, tafiyar da ba ta kai nisan zuwa rijiya ba, alhali kakata wuni guda take yi a nema. A hoto kuwa su biyun kamarsu ɗaya, kuma mai kallo zai ce ga masu cinye daji.

Mai ɗaukar hoto, Zango: Ɗan'uwa, ka taɓo inda yake mini ciwo. Shekaru uku da suka wuce na ɗauki wata gona a watan Agusta. Kowa a nan ya san gawo yana zubar da ganyensa da damina ya sake fitarwa da rani, shi ya sa hatsi yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Hoton ya nuna itatuwa tsirara, farare, hadari ya yi baƙi a bayansu. Wata ƙungiya ta karɓa, ta yanke rabin hoton na ƙasa inda hatsi ya kai ƙirji, ta buga da bayanin cewa hamada tana kashe itatuwan Sahel. Na rubuta musu sau biyu ba amsa. Tun daga ranar na daina yarda da cewa gani ya kori ji, kuma wataƙila shi ya sa na koma ɗaukar abin da nake jin ba mai iya murɗa shi.

Dattijo mai ritaya, Birni: To ai ka ga an murɗa wannan ma, kuma kai ka murɗa shi da kalmar "daji". Ni ledar ce ta fi damuna. Duk wanda ya fita ta hanyar Mirya ya san yadda take rataye a kan ƙaya kamar an shanya ta, kuma mahauta suna fitar da ita dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki. Jiran amalanke ya wuce zaɓin lokaci ne, kowane mai hoto yana yin sa. Goge abin da kyamara ta riga ta gani wani abu ne daban, domin nan da shekara talatin wani zai jera hotonka da nasa, kamar yadda aka yi da na 1975, ya ce a zamaninku ba leda a Matamaye.

Mai ɗaukar hoto, Zango: Baba, a kan leda ba ni da ta cewa, zan mayar da ita tunda ainihin hoton yana nan. Rubutun ma zan canza shi zuwa "Gonar hatsi bayan girbi, hanyar Matamaye, Janairu". Amma dattijon ba zan sa shi ba. Ban nemi izininsa ba, kuma har yanzu ina ganin idan ya shiga, ba wanda zai tsaya ya dubi tabon da ka nuna mana.

Malamar labarin ƙasa, Sabon Gari: Ni kuma har yanzu ina ganin ba wanda zai san akwai tabon idan ba a nuna hannun da ya yi shi ba. Ka koma wurin a watan Agusta, ƙanena, ka tsaya daidai inda ka tsaya, ka ɗauki gawon tsirara da hatsin da ke ƙarƙashinsu, mu jera biyun a gaban ɗalibai.

Ɗan manomi, Matamaye: Idan za ka zo, ka sanar da ni tun ana saura kwana biyu. Daga yanayin tudun da ke bayan itatuwan ina jin na gane gonar, kuma mai ita ba ya son a shiga masa shuka ba sallama.