Duƙushin Nan Zabiya Ne Ko Kuwa?

Mai Goɗiya: Salamu alaikum. Ku raba mu gardama. Bara na kai goɗiyata mai ruwan zinare, farar geza da farar wutsiya, wajen ingarma mai kalarta sak, don in samu irinsu. Shekaranjiya ta haihu, sai ga duƙushi fari, fatarsa jaja-jaja, ido shuɗi. Yayana ya ce zabiya ne, in rabu da shi. Yaron barga kuma ya rantse kilin maƙwabcinmu ne ya haye ta.

Baba Shamaki: Wa alaikumus salam. Kili dai ba ruwansa. Ɗan kili da duhu ake haifarsa, yana girma yana furfura, fatarsa kuma baƙa ce. Zancen zabiya kuwa, ɗana, yayanka ya yi gaskiya. Doki mai idon mage ba na hawan sallah ba ne.

Likitan Dabbobi: Baba, a gafarce ni, na yarda da rabin farko. Akwai ƙwayar gado da ke surka launin doki, kamar madara a shayi. Jan doki in ya gaji guda ɗaya, ya zama ruwan zinare. In ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sai ya koɗe kamar duƙushin Alhaji mai goɗiya. Masu bincike a Faransa suka gano ta a 2003, sunanta SLC45A2. To duk doki mai ruwan zinare ɗaya yake ɗauke da ita. In ka haɗa biyu, a lissafi cikin haihuwa 4, 2 zinare, 1 ja, 1 fari. Ba wanda ya ci amanarka, Alhaji, rabonka ne ya faɗo a na ƙarshen.

Ɗan Jami'a: Likita, ai kin ba Baba gaskiya ba ki sani ba. Wannan SLC45A2 ɗin, in ta samu matsala a jikin mutum, ita ke kawo nau'i na 4 na zabiyanci. Me ya sa a mutum zabiya, a doki kuma a sake masa suna?

Likitan Dabbobi: Ka kamo ni ta nan, ƙanena. Amma irin zabiyancin da ke hana launi gaba ɗaya, kamar na farin zomo mai jan ido, ba a tabbatar da shi a doki ba. Wannan akwai sauran launi a gashinsa, ku dube shi da hantsi. Ƙungiyar masu wani nau'in doki da ake kira Quarter Horse a Amurka ma ta daɗe tana ƙin yi wa irinsa rajista, sai a 2003 ta janye. Abin kiyayewa shi ne rana, tana ƙona masa hanci da gefen ido. Kilin da muke ji da shi, shi ne galibi in ya haura shekara 15 ƙari ke fito masa a gindin wutsiya.

Baba Shamaki: Zancen ciwon ƙarin nan gaskiya ne, na sha gani. Amma dokin da sai an nema masa inuwa a filin idi, ni ban ga ranarsa ba.

Likitan Dabbobi: Ranarsa a barga take, Baba. In ya isa, a ba shi jar goɗiya zalla, duk abin da za ta haifa ruwan zinare ne. Abin da Alhaji ya fita nema ke nan tun farko.

Mai Goɗiya: Kowane ciki, Likita? To yayana ya yi haƙuri. Wa ke da jar goɗiya cikinku?

Baba Shamaki: Ina da biyu. Sai dai ya zo bayan la'asar.