Don Allah masu ilimin gwajin jini ku duba min takardar maigidana

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya ban runtsa ba. Maigidana yana da shago a kasuwar Singa. Ranar Litinin mota ta kawo musu buhunan sukari, 'yan dako suka ce sai an ƙara musu kuɗi, shi kuma da zuciya ya tuɓe riga ya shiga sauke kaya da yaran shago, cikin wannan zafin na Afrilu. Dama na sha faɗa masa ya daina biye wa ƙaninsa, don shi ya ɓata da 'yan dakon tun bara a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma Hajiya mahaifiyarsu ba ta son a yi maganar, duk abin da autanta ya yi daidai ne. To washegari ko hula ya kasa ɗaga hannu ya sa, kafaɗu da cinyoyi kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Mai kemis na layinmu ya yi masa allura biyu. Da abin ya ƙi muka je wani asibitin kuɗi aka ɗebi jini. Takardar ta nuna CK 2,350, a gefe an rubuta kada ya wuce 200, sai wani CK-MB 28. Likitan ba ya nan sai Litinin mai zuwa. Mahaifin maigidan nawa ciwon zuciya ne ajalinsa. Me wannan yake nufi?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Hajiya ba zan ɓoye miki ba, CK-MB gwajin zuciya ne. Wata uku na yi ina jinyar yayana, babu takardar da ban haddace ba. Ga gado, ga wannan lamba. Ku nemi likitan zuciya kawai.

Ummu Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Ni abin da ke ƙona min rai, a karɓi kuɗinka a miƙo maka takarda kamar rasit, babu mai ce maka ga abin da ke ciki. Bara haka na yi ta yawo da sakamakon yarinyata a jaka kwana tara.

Anti Binta: Ni a ɗakin gwaji nake aiki. CK wani sinadari ne da ke zaune cikin tsoka, idan tsoka ta wahala ko ta mutsuke sai ya zubo cikin jini. Kala uku ne: MM na tsokar jiki, MB mafi yawansa na zuciya, BB na ƙwaƙwalwa. Amma tsokar jiki ma tana da ɗan MB, shi ya sa ba a kallon 28 ɗin shi kaɗai, ana auna shi da jimlar. 28 cikin 2,350 bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, ya fi kama da tsokar jiki. Aikin ƙarfi da ba a saba ba yana ɗaga CK, allurar da ake yi a tsoka ma haka. In zuciya ake zargi, yanzu gwajin jini na troponin ake yi da hoton bugun zuciya, wato ECG. Maman Ilham, yana ciwon ƙirji ko haki? Wane launi fitsarinsa yake? Akwai maganin da yake sha kullum?

Baban Yusra: Da girmanki Anti, amma likita bai rubuta MB don wasa ba. Yayana ma haka aka yi ta ce mana gajiya ce.

Maman Ilham: Ƙirji kam bai ce ba. Fitsari ya yi duhu kamar ruwan bunu, amma ai yana shan zoɓo sosai. Magani sai na rage kitse a jini da aka ɗora shi a kai bayan sallah. Mai kemis ɗin nan kuma shekara goma yana mana allura, ba mu taɓa ganin matsala ba, kada a ɗora masa.

Kawu Na Fagge: Fitsari ya yi duhu? Ai shawara ce. A nemo masa jiƙo, kwana uku ya miƙe.

Anti Binta: Kawu a bar jiƙon nan tukuna. Maman Ilham, wannan da kika faɗa a ƙarshe shi ya kamata ki fara da shi. Zoɓo ba ya mai da fitsari ruwan bunu. Idan tsoka ta lalace da yawa tana sakin wani abu mai suna myoglobin, shi ke rina fitsari, kuma yana iya toshe ƙoda. CK ɗinsa ya ninka iyaka fiye da sau goma. Magungunan rage kitse irin su atorvastatin an san suna taɓa tsoka a wasu mutane, in kuma allurar diclofenac ta rage ciwo ce aka yi masa, ita ma ba ta raga wa ƙoda. Kada ku jira Litinin. Ku ɗauki takardar da kwalin maganin ku tafi sashen gaggawa yau, Asibitin Malam ko Murtala, a duba creatinine da potassium, wato gwajin jinin da ke nuna lafiyar ƙoda, wataƙila a sa masa ruwa. Kafin nan ya yi ta shan ruwa, kada a ƙara masa wata allura.

Hauwa 'Yar Gwale: Ke dai kin yi sa'a naki ya yarda an ɗebi jininsa. Nawa ko zazzaɓi zai kashe shi sai dai ya aika a sayo Panadol.

Baban Yusra: To kun gani, asibitin dai da na ce. Kuna zuwa ki ce a haɗa ku da likitan zuciya, kada ki bari su tsaya a ƙoda.

Maman Ilham: Na gode duka. Amma gaskiya yau ya fi jiya, har ya ci tuwo. Kuma kuɗin gwajin jiya ma sai da na ranta a wajen ƙanwata. In na ce mu tafi gaggawa Hajiya za ta ce na ɗaga wa mutane hankali, ba ku san ta ba ne. Maganin kitsen kuma likita ne ya rubuta, ba da ka muka saya ba.

Anti Binta: Ba wanda ya ce laifinku ne. Sau nawa ya yi fitsari tun safe?

Ummu Sadiq: Nawa suka caje ku gwajin don Allah?

Maman Ilham: Ban tambaye shi ba Anti, ya fita wai zai leƙa shago ya dawo.