Tambaya kan madaukin jijiyar wuya, ansa sabikalis

Assalamu alaikum, yayyena likitoci. Ɗalibin likitanci ne ni a nan Sakkwato, kwana uku ke nan wani abu ya hana ni sukuni.

Abin da muka karanta shi ne, ansa sabikalis saiwa biyu gare ta. Ta sama daga C1 take, wato jijiya ta farko da ke fita daga laka a wuya, tana bin jijiyar harshe, haifogulosal, kafin ta rabu ta gangaro. Ta ƙasa daga C2 da C3, wato ta biyu da ta uku. Su haɗu su yi madauki a kan babbar jijiyar jini ta jagula.

To, a gawar da muke fiɗa, wuyan dama haka yake. Na hagu kuwa madaukin ya shige ta bayan jagular, kusa da karotid mai kai jini zuwa kai, kuma saiwar sama kamar daga fegas ta fito, wato jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki. Abokina ya ce ni na ɓata wajen da almakashi. Ban yarda ba, don na bi reshen har tsokar omohayoyid ta gaban wuya, wadda ansa ke motsawa.

Yaya zan tabbatar ansa ce, ba reshen fegas mai zuwa zuciya ba? Kuma in likita zai dasa ansar ga jijiyar maƙogwaro don gyaran murya, wannan bambancin yana sauya aikin? Jarrabawa ta matso, a taimaka don Allah.